Manhajar Linux da Sassan Kwamfuta: Me Ya Sa Wani Sashe Yake Aiki, Wani Ya Ƙi?

Gabatarwa

Ranar 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina ba manhajar Windows 10 kulawar da ya saba ba ta, wato gyare-gyaren da suke toshe kafofin da ɓarayin intanet suke bi su shiga kwamfuta. Windows 11 da ta gaje ta kuwa tana da sharuɗɗa masu tsauri. Tana buƙatar wata ƙwayar tsaro mai suna TPM 2.0, sannan ba ta amince da mafi yawan furosesoshin Intel da suka girmi zubi na 8 ba, wanda ya fara fitowa a shekarar 2017. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke makarantunmu da shagunan buga takardu na hannu ne, irin waɗanda ake kira tokumbo, kuma sun girmi wannan shekara.

A ɗauka cewa wata makarantar sakandare a unguwar Arkilla, cikin birnin Sakkwato, tana da irin waɗannan kwamfutoci guda ashirin, kowace tana tashi lafiya lau. Sayen sababbi ya fi ƙarfin aljihun makarantar, barin su a kan tsohuwar manhaja kuma kasada ce. Shawarar da aka fi ba irin wannan makaranta ita ce ta ɗora musu Linux, domin kyauta ce kuma akwai nau'o'inta marasa nauyi. Shawara ce mai kyau, amma akan ɗora Linux a wayi gari wata kwamfutar ba ta kama Wi-Fi, wata ba ta fitar da sauti, firintar ofishin shugaban makaranta kuma ta yi shiru. Wannan darasi zai bayyana dalilin haka, da yadda malami ko ɗalibi zai gane tun kafin a kashe ko sisi.

Mene Ne Dangin Unix?

Babbar manhaja ita ce wadda take riƙe da ragamar kwamfuta baki ɗaya. Ita take raba aiki tsakanin sassa, ita take ba ƙananan manhajoji damar amfani da allon kallo da faifan ajiya da sauransu. Windows babbar manhaja ce, haka nan Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara rubutawa a shekarar 1969 a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka. A 1973 aka sake rubuta ta da harshen kwamfuta mai suna C, abin da ya sauƙaƙa ɗaukar ta daga wata irin na'ura zuwa wata. A wancan zamani Unix ta manyan kwamfutocin jami'o'i da kamfanoni ce, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

A shekarar 1981 kamfanin IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa ta tebur, kuma ba a jima ba wasu kamfanoni barkatai suka shiga ƙera irinta. Da furosesa 80386 ta Intel ta fito a 1985, sai ƙaramar kwamfuta ta sami ƙarfin ɗaukar manhaja irin Unix sosai. A 1987 Farfesa Andrew Tanenbaum na wata jami'a a Amstadam ta ƙasar Holan ya fitar da MINIX domin koyar da ɗalibai. A 1991 kuma wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta tasa, wadda ta zama Linux. FreeBSD da NetBSD sun biyo baya a 1993. Waɗannan duka ana kiran su dangin Unix, saboda tsarinsu da umarninsu sun yi kama da nata. Manhajar macOS ta kamfanin Apple ma 'yar dangin ce, sannan wayar Android da ke aljihun mai karatu a kan zuciyar Linux aka gina ta.

Abin lura a nan shi ne, lokacin da Torvalds ya sanar da aikinsa a watan Agusta na 1991, ya faɗa ƙarara cewa manhajar tasa ba ta san kowane faifan ajiya ba sai irin wanda ke cikin kwamfutarsa, domin shi kaɗai yake da shi. Ke nan matsalar da muke magana a kanta tare aka haife ta da Linux.

Kwamfuta Taron Sassa Ce

Idan aka buɗe cikin kwamfuta za a tarar da ƙwayoyin lantarki iri-iri, kowace da aikinta, kuma galibi kowace da kamfanin da ya ƙera ta. Sunan da ke jikin murfi, ko HP ne ko Dell ko Lenovo, sunan wanda ya harhaɗa ne. Furosesa tana iya zama ta Intel ko AMD, ƙwayar hoto ta Nvidia, ta sauti ta Realtek, ta Wi-Fi kuma ta Broadcom. Kowace daga cikinsu tana da nata salon karɓar umarni, kamar dai 'yan kasuwa ne suka taru daga ƙasashe daban-daban, kowa da harshensa.

Babbar manhaja ba ta iya magana da waɗannan ƙwayoyi kai tsaye, sai ta hanyar wata 'yar ƙaramar manhaja wadda masu gyaran kwamfuta suke kira direba. Aikin direba aikin tafinta ne. Babbar manhaja takan ce a aika wannan saƙo ta iska, shi kuma ya mayar da maganar zuwa jerin lambobin da wannan ƙwaya ta Wi-Fi take ganewa. In babu tafinta, ƙwayar tana nan lafiyarta ƙalau, wuta tana shiga cikinta, amma ba ta da amfani. Haka kuma direban da aka rubuta wa Windows ba ya aiki a Linux, domin kowace babbar manhaja da yadda take magana da nata tafintocin. Yawan waɗannan sassa ya sa fiye da rabin rubutun zuciyar Linux direbobi ne.

To yaya manhaja take sanin direban da ya dace? Kowace ƙwaya tana ɗauke da lambobin shaida guda biyu, ɗaya ta kamfanin da ya ƙera ta, ɗaya ta samfurinta. Alal misali, a kan hanyar sadarwar cikin kwamfuta da ake kira PCI, lambar Intel ita ce 8086, ta Nvidia 10de, ta Realtek 10ec, ta Broadcom kuma 14e4. Da kwamfuta ta tashi, Linux takan tambayi kowane sashe lambarsa, ta duba ko akwai direban da ya ce ya san wannan lamba. In akwai, sai ta haɗa su, in babu, sai ta wuce shi kamar ba ya nan.

Wa Yake Rubuta Direba?

Rubuta direba yana buƙatar sanin sirrin ƙwayar, wato wane umarni ne yake sa ta yi kaza, kuma wace amsa take bayarwa. Wannan bayani yana hannun kamfanin da ya ƙera ta. Da yake Windows ce ta mamaye kasuwar ƙananan kwamfutoci, kowane kamfani yakan rubuta mata direba tun kafin kayansa su fita kasuwa. Game da Linux kuwa, kamfanoni sun kasu kashi huɗu.

Kashi na farko su ne waɗanda suke rubuta direban da kansu, su bayyana asalin rubutunsa ga kowa, su shigar da shi cikin zuciyar Linux. Intel ya daɗe yana yin haka. Amfanin wannan shi ne, ko kamfanin ya daina kula da ƙwayar, wasu za su iya ci gaba da gyara direban.

Kashi na biyu su ne waɗanda suke fitar da takardun bayanin ƙwayar domin masana su rubuta. AMD ya fara fitar da irin waɗannan takardu na ƙwayoyin hotonsa a 2007, daga baya kuma ya ɗauki ma'aikata suna rubuta buɗaɗɗen direba. A farkon wannan shekarar ce ma Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da zuciyar Linux, ya yi wa kamfanoni tayin cewa duk wanda ya ba da bayanin na'urarsa za a rubuta masa direba kyauta.

Kashi na uku su ne masu ba da direba a rufe: yana aiki, amma ba wanda yake ganin cikinsa sai su. Nvidia ya yi shekaru a kan wannan, har Torvalds ya fito fili ya soki kamfanin a wata lacca a Jami'ar Aalto ta Finlan a 2012. Sai a watan Mayu na 2022 Nvidia ya buɗe wani ɓangare na direbansa, shi ma na sababbin ƙwayoyi kaɗai. Illar rufaffen direba ita ce, ranar da kamfanin ya ce ya gama da wani tsohon samfuri, ba mai iya sabunta shi.

Kashi na huɗu su ne waɗanda ba su ba da direba ba su ba da bayani. A nan sai masu sa kai su zauna suna lura da saƙonnin da ke kai-kawo tsakanin ƙwayar da Windows, suna cankar ma'anarsu ɗaya bayan ɗaya, aikin da yakan ci shekaru. Haka aka yi fama da ƙwayoyin Wi-Fi na Broadcom kafin kamfanin ya fitar da buɗaɗɗen direba ga wasu daga cikinsu a 2010.

Wannan ja-in-ja ta girmi Linux. Wajen shekarar 1980 wani masani a jami'ar MIT ta Amurka, Richard Stallman, ya nemi asalin rubutun manhajar wata firintar Xerox domin ya gyara ta ta riƙa sanar da mutane idan takarda ta maƙale, aka hana shi. Wannan yana cikin abubuwan da suka sa ya kafa shirin GNU a 1983, wanda manhajojinsa ne aka haɗa da zuciyar Linux suka zama cikakkiyar babbar manhaja.

Sassan da Ba Su Ba da Wahala, da Masu Ba da Ita

Akwai sassan da kamfanoni suka yi yarjejeniyar harshe ɗaya a kansu. Kibod da linzamin kwamfuta da filash da akasarin kyamarori masu shiga kafar USB duk suna bin ƙa'idoji na bai ɗaya, saboda haka direba ɗaya yake isar dubban samfura. Shi ya sa da wuya a ga filash ɗin da Linux ta ƙi karantawa.

Firinta kuwa iri biyu ce. Akwai mai ganewa da sanannun harsunan buga takardu kamar PostScript da PCL, ko sabuwar ƙa'idar da ake kira IPP Everywhere, wadda ba ta buƙatar direba na musamman. Akwai kuma mai araha wadda aka rage mata ƙwaƙwalwa, aka ɗora wa direban Windows duk aikin. Irin wannan ta biyun ce takan yi shiru a Linux. Irin wannan dabara ce aka yi wa modem na wayar tarho a ƙarshen shekarun 1990, har aka laƙaba musu suna Winmodem. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Wani misalin da masu karatu da yawa suka sani shi ne modem mai kama da filash da kamfanonin waya suka riƙa sayarwa. Idan aka soka shi, da farko yakan nuna kansa a matsayin faifan CD mai ɗauke da direban Windows, sai an ɗora direban sannan ya rikiɗe ya zama modem. A Linux sai da aka rubuta wata manhaja ta musamman, usb_modeswitch, wadda take aika masa umarnin rikiɗar.

Bugu da ƙari, wasu ƙwayoyin, musamman na Wi-Fi, suna buƙatar a zuba musu wata 'yar manhaja ta cikin jikinsu duk lokacin da aka kunna kwamfuta, kuma kamfani ne kaɗai yake da ita. Debian, ɗaya daga cikin tsofaffin nau'o'in Linux, ta daɗe ba ta sa irin waɗannan a faifanta na hukuma, sai a fitowarta ta 12 a watan Yuni na 2023.

Akwai kuma batun zafi da batir, wanda ya shafe mu ƙwarai a Sakkwato, inda zafin bazara yakan haura digiri 40 kuma wutar lantarki ba ta da tabbas. Gudun fanka da rage ƙarfin furosesa da kwantar da kwamfuta barci duk suna bin wata ƙa'ida mai suna ACPI, wadda ta fito a 1996. Wasu masu harhaɗa kwamfuta da Windows kaɗai suke gwada wannan sashe, saboda haka akan sami kwamfutar da take aiki a Linux amma batirinta yana saurin ƙarewa, ko in ta yi barci ta ƙi farkawa.

Darasi daga Nijeriya

A shekarar 2007 wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva ya sami kwangilar ɗora nau'insa na Linux a kan ƙananan kwamfutoci 17,000 samfurin Classmate na Intel, domin makarantun Nijeriya. An gyara manhajar musamman domin wannan na'ura, saboda haka ba a yi fama da neman direba ba. A ƙarshen watan Oktoba na shekarar shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan cewa an shirya goge Linux ɗin a sa Windows. Daga baya asusun gwamnati na USPF, wanda ya biya kuɗin 11,000 daga cikin kwamfutocin, ya ce yana son a bar su da Mandriva. A wannan shekarar ce kuma aka raba wa ɗaliban wata makarantar firamare a Galadima, Abuja, kwamfutocin XO na shirin ba kowane yaro kwamfuta, su ma da Linux ɗin da aka ƙera tare da na'urar.

Abu biyu za mu koya a nan. Na farko, idan mai na'ura da mai manhaja suka yi aiki tare tun farko, matsalar dacewa ba ta tasowa. Wannan ne sirrin Apple, wanda yake ƙera na'urarsa da manhajarsa, kuma shi ne dalilin da ya sa kwamfutocin da Dell ya fara sayarwa ɗauke da Ubuntu a 2007 suke tashi da komai yana aiki. Na biyu, kulawar kamfani tana da iyaka. Kamfanin Mandriva ya rufe a 2015. Abin da ya ceci masu amfani da manhajarsa shi ne asalin rubutunta a buɗe yake, wasu suka ɗauka suka ci gaba da ita da sunayen Mageia da OpenMandriva.

Kada kuma a ɗauka cewa Linux tana riƙe tsohuwar na'ura har abada. Furosesa 80386 da aka fara rubuta ta a kai, an cire ta daga zuciyar Linux a fitowa ta 3.8 a 2013. Ubuntu ta daina fitar da faifan tebur na kwamfutoci masu bit 32, Debian ma ta bi sahu a fitowarta ta 13 a 2025. Saboda haka tambayar ko kwamfuta mai bit 64 ce tana cikin tambayoyin farko da ya kamata a yi.

Yadda Ake Gwadawa Kafin a Saya ko a Ɗora

Sayen kwamfuta da niyyar sa mata Linux ba tare da gwaji ba cinikin biri ne a sama. Ko sunan samfuri bai isa hujja ba, domin kamfani yakan fitar da kwamfutoci biyu masu suna ɗaya da ƙwayoyin Wi-Fi daban. Abin farin ciki, gwajin ba ya cin kuɗi. Ga matakan:

1. A sami filash mai girman gigabait 8, a ɗora masa nau'in Linux mai tashi daga filash, kamar Ubuntu ko Linux Mint ko Debian.

2. A soka shi, a kunna kwamfutar, a zaɓi ta tashi daga filash, sannan a zaɓi gwaji maimakon ɗorawa. Wannan ba ya taɓa abin da ke cikin faifan ajiyarta. Idan ta ƙi tashi, a duba saitin Secure Boot, wani tsarin tsaro da ya yaɗu tare da Windows 8 a 2012. Manyan nau'o'in Linux suna wuce shi, wasu ƙanana kuwa sai an kashe shi.

3. A gwada allon kallo da sauti da Wi-Fi da kafar wayar intanet da kyamara da kowace kafar USB. A rufe murfin, a jira minti ɗaya, a buɗe, a ga ko ta farka. A saurari fanka ko tana juyawa idan na'urar ta ɗauki zafi.

4. A haɗa firintar makaranta a buga shafi ɗaya.

5. A buɗe tagar umarni a rubuta lspci -nn, sannan lsusb. Za su jero sassan kwamfutar da lambobin shaidarsu. A kwafe lambar duk sashen da ya ƙi aiki, domin da ita ake neman direbansa.

6. A shiga saitin kibod a zaɓi tsarin Hausa na Nijeriya, wanda yake zuwa tare da manyan nau'o'in Linux, a tabbatar ana iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ.

Idan sashe ɗaya ne ya ƙi, ba sai an jefar da kwamfutar ba. Ƙaramar na'urar Wi-Fi mai shiga USB, wadda aka tabbatar Linux ta san ƙwayarta, takan magance matsalar da kuɗi kaɗan. Sannan a zaɓi fitowar da za a daɗe ana kula da ita. Ubuntu, alal misali, tana fitar da irin wannan duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, kuma tana kula da kowace na tsawon shekara biyar.

Kammalawa

Mun ga cewa dacewar kwamfuta da Linux ta rataya ne a kan direbobi, su kuma direbobi sun rataya a kan halin kamfanin da ya ƙera kowace ƙwaya. Makarantar Arkilla da muka yi misali da ita za ta iya gwada kwamfutocinta ashirin cikin yini biyu da filash guda, ta ware waɗanda suka tashi cif, da masu buƙatar ɗan ƙari, da waɗanda zamani ya wuce su. Duk lokacin da za a sayo sababbi ko a karɓi gudummawa, ya kamata shugaban makaranta ya sa gwajin filash cikin sharuɗɗa, ya kuma tambayi mai kawo kayan wa zai kula da manhajar, kuma har zuwa wace shekara.

Tambayoyi da Aikin Aji

1. Bayyana aikin direba, ka kuma faɗi dalilin da ya sa direban Windows ba ya aiki a Linux.

2. Me ya sa filash ba ya ba da wahala, alhali wasu firintoci suna bayarwa?

3. Kwatanta makomar na'ura mai buɗaɗɗen direba da ta mai rufaffen direba bayan kamfani ya daina kula da su.

4. Tare da malaminku, ku gwada kwamfutoci uku na makarantarku da filash. Ku zana jadawali mai nuna sunan kowane sashe, da lambar shaidarsa, da kamfanin da ya ƙera shi, da kuma ko ya yi aiki.